Silvanus da Aladen Ikilisiya

Na fi shekara talatin ina tuƙa a-kori-kura tsakanin ƙauyukanmu da Kafanchan. Na ɗauki citta, na ɗauki aladu, na ɗauki gawa, na ɗauki kujerun taro. Kujerun taro sun fi komai yawa. Duk taron da na kai wa kujeru sai na ji an ce daga yau abubuwa za su canja, washegari in koma in kwashe kujerun in kai wani taron. Shi ya sa in mutum ya fara yi mini dogon bayani, hannunsa nake dubawa. Yanzu bayana ya gaji, motar ma ta gaji. Amma akwai mutum ɗaya da nake so in rubuta labarinsa tun ina iya zama a kujera, shi ne Baba Silvanus na ƙauyenmu, can bayan Fadan Kagoma.

Gajere ne, mai manyan hannuwa, yana ɗingishi da ƙafar hagu. Ƙuruciyarsa duka a kan layin dogo ya yi ta, lebura ne cikin masu ɗaga ƙarfe da canja katakon layi. Da jirage suka ragu aka sallame su, ya dawo gida da akwatin kwano ɗaya da ƙotar wata tsohuwar guduma wadda ya mayar sandar tafiya. Ba ya da yawan magana. Matarsa Mama Milka ce take yi musu magana su biyu, har ta ƙara da ta maƙwabta.

Wata shekara yana ɗibar ganyen da ake rufe gonar citta da shi a bakin rafi, maciji ya sare shi a wannan ƙafar ta hagu. Ni na kai shi asibiti, Mama Milka tana bayan mota tana addu'a tana zagin macijin a lokaci ɗaya. Allah ya tashe shi. Ranar Lahadin godiya ya shigo majami'a yana rawa da ƙafa ɗaya da rabi, Mama Milka a gaba da kwanon acca a ka, shi kuma da buhu a kafaɗa. Da ya ajiye buhun a gaban bagade sai buhun ya yi ƙara, yara suka watse. Ɗan alade ne.

A wurinmu, bayan sujada akan fitar da kayan godiya waje a yi gwanjonsu. Doya ta tafi, kaji suka tafi, accar Mama Milka ta tafi. Ɗan aladen nan ba wanda ya taya. Fari ne, ramamme, kunnuwa kamar ganyen gwaza, ƙafafu kamar tsinke. Faston da muke da shi a wancan lokacin, yunwa ce ta kama shi, yana so a tashi, sai ya ce, "Baba, ka koma da shi ka riƙe wa ikilisiya."

Fasto ya faɗa ne don a watse. Silvanus ya ɗauke shi a matsayin aiki.

Ya gina masa ɗaki da jar ƙasa, ya fi kicin ɗin Mama Milka kyau, ita ta faɗa ba ni ba. Ya bi masu injin niƙa yana karɓar dusa, ya tara bawon rogo, ya yanko ganyen dankali. Ashe ɗan aladen yana da jinin na agirik. Kafin shekara ta zagayo ya zama ƙato, dogo kamar bencin majami'a, ba a taɓa ganin irinsa a ƙauyenmu ba. Aladunmu na gargajiya baƙaƙe ne, ƙanana, haihuwarsu ba yawa. Mata suka fara zuwa suna roƙo a kai shi ya yi wa nasu barbara.

Ga yadda abin yake a al'adarmu. In ka kai namijin aladenka gidan wani, ba a biyanka a ranar. Sai macen ta haihu, an yaye 'ya'yan, a ba ka guda ɗaya. Da aka kawo wa Silvanus 'yar alade ta farko, sai ya ga ba tasa ba ce, tunda uban ma ba nasa ba ne. Ya sa ta a buhu ya kai wa dattawan ikilisiya. Ya tarar suna gardama a kan kwanon rufin majami'a, suka ce masa, "Baba, ka yi yadda ka ga ya dace."

Abin da ya ga ya dace shi ne wannan. Ba ya tambayar kowa halin da yake ciki. In ya fita da safe yana kora alade, yakan lura da gidan da hayaƙi bai tashi ba, da yaron da ke wasa a ƙofar gida alhali tsaransa suna aji. Bayan kwana biyu sai a ga ya zo gidan da buhu mai motsi. Ya ajiye, ya ce, "Ki riƙe wa ikilisiya." Shi ke nan wa'azinsa. In ta girma ya kawo namijin, in ta haihu ya ɗauki ɗaya ya kai gaba, uwar da sauran 'ya'yan na mai riƙo ne.

Mutanenmu suna da girman kai. Wanda zai kwana da yunwa bai karɓi sadaka ba, in ka ce masa ya riƙe wa ikilisiya sai ya karɓa da hannu biyu, har ya ji an girmama shi. Na kai aladun nan kasuwar Kafanchan da motata, na ga abin da ya biyo baya. Yaro ya koma makaranta. An sayi taki a kan lokaci. Mai ciki ta haihu a asibiti maimakon a ƙasan ɗaki. Ba zan yi muku ƙarya in ce kowa ya ci nasara ba. Ciwo ya kashe wasu. Wani mutum ya yanka tasa ranar Kirsimeti ya ce shi ma ikilisiya ne. Da aka sami wata 'yar alade sai Silvanus ya ba matar mutumin, amma a gidan uwarta aka kafa turken.

Saboda yawan shiga gidajen mutane, matasa suka sa wa aladen suna Mai Ziyara. Suka ce ya fi dattawan ikilisiya zaga gidaje. Dattawa ba su ji daɗi ba, amma sunan ya zauna. Ba ya bin kowa sai Silvanus. In Baba ya buga sanda a ƙasa sau biyu ya ce, "Eee, ɗaga!" yadda suke kira in za su ɗaga ƙarfen layi, sai aladen ya miƙe ya bi shi. Ba igiya, ba bulala.

Bayan wasu shekaru sai matsala ta fito daga cikin nasarar. Yawancin matan aladun ƙauyen sun zama 'ya'yan Mai Ziyara, kuma ba a haɗa uba da 'ya, in an haɗa 'ya'yan sukan fito da rauni. Wani namiji mai kyau kuwa babu, don mutanenmu suna dandaƙe mazan tun suna ƙanana su yi ƙiba a sayar. Hanya ɗaya ta rage: a sami wani gari mai namiji irinsa, a yi musaya. Duk ranar kasuwa Silvanus yakan shiga gaban motata mu je Kafanchan, ya bi layin aladu yana tambaya. Dillalai suka yi ta yi masa dariya. Su masu saye da sayarwa ne, ba su da lokacin mai neman musaya.

Wadda abin ya fi shafa ita ce Regina. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku da gonar citta da ba ta da irin shukawa. Silvanus ya kai mata 'yar alade. Ta kula da ita kamar jinjira, har wanka take yi mata. Ta girma, ta isa haihuwa, amma 'yar Mai Ziyara ce. Kullum tana ci, ba ta kawo komai, kuma abincin da take ci daga bakin yaran ake ragewa. Regina ta ce in damina ta wuce ba a sami namiji ba, dole ta sayar da ita. In ta sayar kuwa, ta koma inda ta fito.

A shekarar 2010 ne, muna cikin wannan hali, sabon fastonmu ya yi sanarwa. Ya ce shugabannin ƙasashen duniya sun yi alkawari tun shekarar 2000, suna kiransa Muradun Ƙarni, cewa kafin 2015 za a rage masu matsanancin talauci da rabi, yara su shiga makaranta, mata su daina mutuwa wajen haihuwa, da sauransu. Ya ce gundumarmu za ta yi taron kwana biyu a kan abin da ya kamata Kirista su yi game da wannan alkawari, kuma ƙauyenmu aka zaɓa. Wakilai za su zo daga dukan ikilisiyoyin gunduma, mai jawabi kuma wani Rabaran ne daga Jos.

Mama Milka ta juyo daga bencin mata ta ce, ba a hankali ba, "Rabi? To sauran rabin wa zai je ya ce musu su jira?"

Fasto ya yi kamar bai ji ba.

Aka naɗa Cyprian shugaban kwamitin karɓar baƙi. Ubansa daga kudu maso gabas ya zo aikin jirgi, shi kuma a Kafanchan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa. Yana sayar da kayan gini, ya auri 'yar ƙauyenmu, tare muke sujada. Kwanon rufin da dattawa suka shekara suna gardama a kai, shi ya kawo shi a ƙarshe. Mutumin kirki ne. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, a ce baƙo ya zo wurinsa bai ƙoshi ba.

Kwamiti suka zauna suka duba abin da ikilisiya take da shi, suka ga ba ta da komai sai alade. Cyprian ya ce in raka shi gidan Silvanus tunda ni zan ɗauko kayan. Muka tarar da Baba a gindin mangwaro yana ɓare rogo.

"Baba, sannu da aiki. Yaya ƙafa?"

"Ƙafa tana nan, Ciyaman. Milka, kawo musu kunu."

Cyprian ya sha kunu, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya faɗi. "Baba, kai ma ka sani, Mai Ziyara ya gama aikinsa a garin nan. Ci kawai yake yi. Ga manyan baƙi za su zo. Kwamiti sun ce a yanka shi ranar Juma'a da yamma, a dafa don abincin Asabar."

Mama Milka ta ajiye tulun kunu da ƙarfi. "Wato za ku zo ku yi maganar talauci, sannan ku cinye wanda yake aikin? Cyprian, ka ji tsoron Allah!"

"Mama, ina jin tsoronsa. Amma baƙi ba za su ci addu'a ba."

Ni ma na sa baki na ce, "Ciyaman, tsohon namijin da ba a dandaƙe ba namansa wari yake yi."

Ya ce, "Sambo, a ƙasar citta muke. A zuba citta da barkono, Rabaran da kansa sai ya nemi ƙari."

Duk muka juya muna kallon Silvanus. Ya ci gaba da ɓare rogonsa. Can ya ce, "Na ikilisiya ne. Riƙo aka ba ni."

"Ka ji!" in ji Mama Milka. "Shekara nawa ina auren dutse."

Baba ya tambayi abu ɗaya kawai. "Ciyaman, ka ce daga dukan ikilisiyoyi za a zo?"

"Duka, Baba. Har daga ɓangaren Jaba."

"Mata ma?"

"Shugabannin Zumuntar Mata duka."

Baba ya gyaɗa kai.

Ranar Alhamis na kai mota ƙofar gidansa tare da Cyprian da ƙartai huɗu. Muka jingina katako, muka sa wa aladen igiya. Ya zauna. Muka ja, muka tura, ya yi ƙarar da aka ji har kasuwa. Ya miƙe sau ɗaya, ya bi ta tsakanin ƙafafun wani ƙato ya zubar da shi a cikin kwatami, ya koma ya zauna. Silvanus yana tsaye a gefe ya dogara da sanda yana kallon sama kamar mai duba hadari. Cyprian ya jiƙe da gumi.

Baba ya ce, "Ku bar shi, Ciyaman. Gobe zan kawo shi da ƙafa."

Ranar Juma'a na kai kujeru tun da safe. Majami'a ta cika. Na zauna a waje kusa da taga don ƙafafuna ba sa son benci. Rabaran ɗin daga Jos dogo ne, mai sanyin murya. Zan faɗi gaskiya, maganarsa ta yi ma'ana. Ya ce alkawarin da manyan duniya suka yi ba baƙon abu ba ne ga mai bi, don kula da gwauruwa da maraya tun farko aikinmu ne. Ya ce ikilisiya tana da aiki biyu: ta riƙa tuna wa masu mulki abin da suka sa hannu a kai, ita ma kuma ta duba ƙofar gidanta. Ya ce in shekarar ta zo ba a cika ba, kada mu nuna yatsa Abuja kawai. Na ji wannan, na yarda. Amma na sha jin magana mai ma'ana, sannan in kwashe kujeru. Gyangyaɗi ya fara ɗaukata.

Kiɗa ne ya tashe ni.

Abin da ya faru, daga gidan Silvanus zuwa majami'a ba nisa, amma Mai Ziyara bai san tafiya kai tsaye ba. Duk gidan da ya taɓa shiga sai ya tsaya a ƙofa, don ya saba ana fito masa da ɗan abin taɓawa. Baba kuma bai hana shi ba. Matan da ba su sami wuri a majami'a ba suna gida suna daka da girkin baƙi. Kowace ta fito, ta ji inda za a kai shi, ta ba shi bawon doya ko ragowar tuwo, sannan ta ɗaura zane ta bi bayansa don rakiya. Wata ta ɗauko tulun kiɗan Zumunta, wata ta ɗauko kacau-kacau. Kafin su iso, jerin ya yi tsawo. Alade a gaba yana tafiyar ƙasaita, Silvanus yana ɗingishi a gefensa, Mama Milka tana ba da waƙa, Regina tana amshi tana share hawaye tana dariya.

Rabaran ya dakata a tsakiyar magana ya ce, "Aure ake yi ne?"

Fasto ya sunkuyar da kai. Cyprian ya fito da gudu. "Baba! Ta baya na ce! Ta bayan majami'a!"

"Hanyar da ya sani ke nan, Ciyaman."

Kafin a ce wani abu mutane sun fito. Silvanus ya tsayar da aladen a tsakiyar fili, inda kowa zai gan shi, ya juya shi gefe kamar yadda ake yi a kasuwa. Ba ya kallon fastoci. Matan da suka zo daga wasu garuruwa yake kallo, ɗaya bayan ɗaya.

Sai wata mata ta ratso taron. Kakkaura ce, da zanen Zumunta da tabarau a goshi. Ta zaga aladen sau biyu. Ta danna bayansa da tafin hannu, ta duba ƙafafunsa, ta leƙa ƙarƙashinsa ba kunya. Ta miƙe ta ce, "Na wane ne?"

"Na ikilisiya ne," in ji Baba.

"Ina za a kai shi?"

Mama Milka ta amsa, "Cikin tukunya, 'yar'uwa. Ke za ki ci gobe."

"Ni? Allah ya kiyaye! Wane mara tausayi ne ya yanke wannan shawara?"

Cyprian ya ɗaga hannu a hankali kamar ɗan makaranta. Aka fashe da dariya.

Sunanta Faustina, shugabar Zumuntar Mata daga Nok. Ta ce tana da namiji ja mai baƙin tabo, daga wajen Zonkwa ta samo shi, kuma shi ma ya gama da matan unguwarsu, duk sun zama 'ya'yansa. Ta ce saura kaɗan ta sayar wa mahauta.

Silvanus ya ce, "Shekarunsa?"

"Bai kai wannan ba."

"Yana cizo?"

"Sai dai in ka zo da hannu wofi. Kamar mijina."

"A yi musaya?"

"Baba, da wa zan yi magana, kai ko ikilisiya?"

Baba ya nuna Cyprian da sanda.

Rabaran ya matso yana tambaya me ke faruwa. Regina ce ta yi masa bayani, tun daga buhu har zuwa tata da ke jiran namiji. Ya saurara har ƙarshe. Ya tambayi matan da suka yi rakiya ko duk haka suka samu, suka ce e. Ya tambayi Silvanus wa ya koya masa wannan tsari. Baba ya ce ba tsari ba ne, riƙo ne.

Rabaran ya juya wurin Cyprian ya ce, "Ciyaman, ni dai wake ba ya ɓata mini ciki."

Cyprian ya kama kai. "Rabaran, ba ka gane ba. Mutanen nan za su koma garuruwansu su ce sun zo wurinmu an ba su gayan wake. Sunan garin nan fa? Surukaina fa?"

Faustina ta ce, "Ɗana, in ka yanka shi, ni zan zaga gunduma in ba da labarinka. Kuma ina da baki."

"Na gani, Mama."

Cyprian ya kalli aladen, aladen yana cin ciyawar gaban majami'a. Sannan ya juyo gare ni. "Sambo, akwai mai a motarka?"

"Akwai na zuwa. Na dawowa sai ka zuba."

Muka tafi Kafanchan a ranar. Duk hanya yana mita. Ya shiga wurin masu kifin ƙanƙara ya cika mini bayan mota da kwalaye daga aljihunsa, ya ƙara da jarkar manja. Ya ce in na gaya wa matarsa abin da ya kashe zai daina ba ni dakon siminti. Ranar Asabar baƙi suka ci faten acca da shinkafa da wake da kifi. Rabaran ya nemi ƙari, Cyprian da kansa ya zuba masa.

Ranar Litinin na kwashe kujeru, sannan na kai mota gidan Silvanus don tafiya Nok. Cyprian ya zo da ƙartai shida a wannan karon, da igiya sabuwa. Baba ya ce su dakata. Ya jingina katako, ya hau bayan motar da ƙyar, ya buga sanda sau biyu.

"Eee, ɗaga!"

Mai Ziyara ya miƙe, ya taka katakon, ya hau, ya kwanta a ƙafafunsa.

Cyprian ya buɗe baki. "Baba! Ashe yana hawa mota?"

"Yana hawa."

"To ranar Alhamis da muka kusa karya baya fa?"

"Ba wanda ya tambaye ni, Ciyaman."

Mama Milka ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Hanyar Nok ta gwada ni ranar. Daga inda mota ta tsaya sai da muka ƙarasa da ƙafa ta hanyar gona, yara suna bin mu. A ƙofar gidan Faustina, Baba ya koya mata bugun sanda da kiran. Ya shafa kan aladen sau ɗaya, ya ce mata, "Ki riƙe wa ikilisiya." Bai waiwaya ba. A hanyar dawowa yana baya tare da jan namijin. Da muka tsaya shan ruwa na ce masa, "Baba, tun farko ka shirya wannan."

Ya ce, "Na gaji da tambayar dillalai. Na ga tunda an tara mutanen gunduma a wuri ɗaya, ba za a rasa mai irin damuwata ba."

"Wato taron ya yi amfani."

"Ai taro ba laifi ba ne, Sambo. Sai dai ka zo da abin da ya kawo ka."

Gidan Regina muka fara sauke jan. Wata huɗu ba su cika ba, ta zo da sassafe tana buga mini ƙofa, ta ce in zo in gani. Na je. Uwar tana kwance, 'ya'ya sun yi layi a cikinta, wasu farare, wasu ja, wasu da tabo. Yaranta suna leƙe ta saman katanga. Da aka yaye su, ni na kai na sayarwa Kafanchan. A damina ta gaba Regina ta shuka citta a gonar mijinta.

Shekarar 2015 ta zo ta wuce. Na ji a rediyo wasu suna cewa an cika wani sashe na alkawarin, wasu suna cewa a ƙasashenmu da saura, kuma an sake sa wasu muradun har zuwa 2030. Ban san lissafin duniya ba. Rabaran ɗin ya ci gaba da zuwa, ya kai wasu wakilai ofisoshin masu mulki a kan maganar asibitinmu, wannan ma aiki ne, na yarda. Jan namijin ya yi zamaninsa, an yi musayarsa da wani daga wajen Zangon Kataf. Cyprian ne ya biya man motar, yana mita.

Silvanus ya tsufa ƙwarai yanzu, ƙafar ba ta kai shi nesa. Yana zaune a gindin mangwaro, Mama Milka tana ba shi labarin da ya riga ya sani. Sandar tana hannun Regina. Kwanan baya na wuce ta a hanyar rafi, da buhu mai motsi a kafaɗa. Na tsaya na ce ta shigo in rage mata hanya. Ta ce a'a, ga gidan can.